Fada Lazzaro Spallanzani (1729–1799): Firist Mai Binciken Halitta

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani firist wanda masu kiwon dabbobi suke cin moriyar aikinsa har yau.

An haifi Lazzaro Spallanzani a garin Scandiano na ƙasar Italiya a shekara ta 1729. Ya yi karatu a hannun firistocin Jesuit a Reggio, sa'an nan ya tafi Jami'ar Bologna domin koyon shari'a. A can ne 'yar'uwarsa Laura Bassi, malamar kimiyya, ta karkato hankalinsa ga nazarin halitta. Aka keɓe shi firist, kuma daga 1769 ya koyar a Jami'ar Pavia har rasuwarsa a 1799.

A 1776 ya bayyana abin da ya gani da madubin ƙara girma: idan aka sanyaya maniyyin ingarma da ƙanƙara, ƙwayoyinsa sukan daina motsi kamar sun mutu, amma in aka ɗumama su sai su farfaɗo. A 1780 ya ɗura wa wata karya maniyyin kare ba tare da barbara ba, ta haifi 'ya'ya uku.

Duk da haka bai gane cewa waɗannan ƙwayoyi ne suke haɗuwa da ƙwan mace ba. Ya zaci ruwan ne kawai yake tayar da ƙwan. Amma da yake ya rubuta abin da idonsa ya gani da gaskiya, na baya suka ɗora a kai. A 1949 Christopher Polge da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa sinadarin giliserol yana kare maniyyi daga lahanin daskarewa. Na shanu ya karɓi wannan dabara da wuri. Na alade kuwa ba ya jure sanyi. Shi ya sa har yanzu galibi akan ajiye shi a sanyin digiri 17 na 'yan kwanaki kaɗai, masana kuma suna ci gaba da neman gyara, domin iri mai kyau ya kai ga makiyayi na nesa.

Mu da yawancinmu muke biyan kuɗin makarantar yara da kiwon aladu, ya dace mu tuna da wannan bawan Allah. Ya nuna mana cewa duban halitta da haƙuri da gaskiya hanya ce ta girmama Mahalicci da hidimta wa maƙwabci. Allah ya ba shi hutawa ta har abada. Amin.