Joseph Marie Jacquard

Joseph Marie Charles, wanda aka fi sani da Jacquard (7 ga Yuli, 1752 – 7 ga Agusta, 1834), masaƙi ne ɗan ƙasar Faransa. Ya shahara ne da na'urar saƙa mai aiki da katuna masu huji, wadda ta sauƙaƙa saƙa yadi mai ado, kuma ta zama ɗaya daga cikin tushen kwamfuta.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Lyon, cibiyar saƙar siliki ta Faransa. Mahaifinsa masaƙi ne. Bai yi makaranta ba, mijin yayarsa, mai sana'ar buga littattafai, shi ya koya masa karatu. Mahaifiyarsa ta rasu a 1762, mahaifinsa kuma a 1772. Ya auri Claudine Boichon a 1778. A lokacin juyin juya halin Faransa ya shiga soja tare da ɗansa, inda aka kashe ɗan a fagen yaƙi.

Na'urarsa

Kafin Jacquard, saƙa yadi mai ado tana buƙatar yaro na biyu da zai riƙa ɗaga zaren tsaye da hannu. Basile Bouchon (1725), Jean-Baptiste Falcon (1728) da Jacques de Vaucanson (1745) sun gwada rage wannan wahala. A wajen 1804 Jacquard ya haɗa dabarunsu wuri guda. Ana ɗaure katuna a jere, kowane kati na wakiltar wucewar ƙoshiya sau ɗaya. Inda akwai huji, zare zai tashi. Inda babu, zai zauna. Don haka in ana son sabon ado, katunan kawai ake canzawa.

A 1805 Napoleon ya ziyarci Lyon ya ga na'urar. Aka mallaka wa birnin haƙƙinta, aka yanka wa Jacquard fansho na faran 3,000 a shekara. Masaƙa da dama sun ƙi ta saboda tsoron rasa abin yi, amma ta bazu bayan gyaran da Jean Antoine Breton ya yi mata a 1815.

Rasuwa da tasiri

Ya rasu a Oullins, kusa da Lyon, kuma an kafa mutum-mutuminsa a Lyon a 1840. Charles Babbage ya ɗauki dabarar katunan don na'urar lissafinsa, Herman Hollerith kuma ya yi amfani da katuna masu huji a ƙidayar Amurka ta 1890.

Har yau da tsarinsa ake saƙa labule, yadin kujeru da zannuwan gado masu ado. Shaddar da ake sayarwa a Kantin Kwari, wadda teloli ke ɗinkawa a garuruwa irin su Gwarzo da Kabo, ita ma da shi ake fitar da adonta, har da ta kamfanin Getzner na Ostiriya. A 2015 Google ya raɗa sunansa ga wani aikin saƙa zare mai ɗaukar lantarki a cikin yadi, domin a sarrafa waya ta hanyar taɓa tufafi.