William Buckley Da Asalin Mujallar Ƴan Mazan Jiya A Amurka

An haifi William Buckley a birnin New York ran 24 ga watan Nuwamba na shekarar 1925. Shi ne na shida cikin ƴaƴa goma na wani attajiri ɗan ɗarikar Katolika wanda ya yi harkar man fetur a ƙasar Meksiko. Bayan aikin soja, ya shiga jami'ar Yale, ya kammala a 1950. A shekarar da ta biyo ya wallafa littafi yana zargin malaman jami'ar da raina addini, sunansa ya bazu.

A wancan zamani masu ra'ayin mazan jiya a Amurka sun rarrabu gida uku: masu riƙo da addini da al'ada, masu son gwamnati ta cire hannu daga kasuwanci, da masu gaba da kwaminisanci. Buckley ya yi niyyar haɗa kansu a inuwa guda. Mahaifinsa ya ba shi dala 100,000, ya nemi ƙari wajen wasu masu hali, ya gayyato marubuta irin su James Burnham da Frank Meyer da Russell Kirk. Ran 19 ga Nuwamba, 1955, mujallar National Review ta fara fitowa, yana da shekara 29.

Mujallar ta yi ta tafka asarar kuɗi, amma maganarta ta shiga kunnen ƴan siyasa. Ta goyi bayan Barry Goldwater a zaɓen 1964, ya sha kaye. Shekara 16 bayan haka Ronald Reagan, wanda ya daɗe yana karanta ta, ya ci zaɓen shugaban ƙasa.

Sai dai tarihinsa na da tabo. A 1957 mujallar ta kare mulkin da fararen fata na kudancin Amurka ke yi wa baƙar fata. A 1965 marubucin nan baƙar fata, James Baldwin, ya kayar da shi a muhawara a jami'ar Kambirij ta Ingila. Sai da ya manyanta ya amsa cewa ya yi kuskure da ya ƙi amincewa gwamnatin tarayya ta sa baki domin kawar da wariyar launin fata.

Allah ya yi masa cikawa ran 27 ga Fabrairu, 2008, a gidansa da ke garin Stamford, yana da shekara 82.