Otto Lilienthal: Injiniyan da Ya Koyi Tashi Daga Shamuwa

Duk ma'aikacin da ya taɓa tashi daga Abuja zuwa Bauchi ya leƙa ta taga, ya ga yadda bayan fiffiken jirgi yake da ɗan doro. Cikin waɗanda suka fara auna amfanin wannan doron har da wani injiniya Bajamushe, Otto Lilienthal, wanda ya rasa ransa a kan binciken.

An haife shi ranar 23 ga Mayu, 1848, a garin Anklam. Tun suna yara shi da ƙanensa Gustav suke zura wa tsuntsaye dangin shamuwa ido, suna mamakin yadda suke shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. Ya karanci aikin injiniya a Balin, ya halarci yaƙin da aka yi da Faransa a 1870, sannan ya kafa masana'antar injinan tururi. A 1889 ya wallafa littafi kan tashin tsuntsaye, inda ya nuna da awo cewa fiffike mai lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe ɗaukar nauyi.

A 1891 ya fara gwaji da jikinsa, da jirgi mara inji na sanduna da yadin auduga. Yakan rugo daga kan tudu yana fuskantar iska, ya rataye a tsakiya, yana juya jirgin da karkata jikinsa. A 1894 ya tara tudu mai tsawon mita 15 a gefen Balin domin atisaye. Ya yi tashi fiye da 2,000, wasu sun kai nisan mita 250.

Bai yi sakaci da batun kariya ba. Ya ƙera wani baka na itace a goshin jirgin domin rage ƙarfin faɗuwa, kuma bakan ya taɓa ceton sa. Sai dai ranar 9 ga Agusta, 1896, a tudun Gollenberg, jirgin da ya hau ba ya ɗauke da shi. Iska ta ɗaga goshin, jirgin ya tsaya cik, ya rikito daga kimanin mita 15. Ƙashin wuyansa ya karye, ya rasu washegari a Balin yana da shekara 48.

A yau akwai laimar gaggawa da roka ke harbawa, ta sauko da ƙaramin jirgi ɗungurungum da matuƙinsa a ciki. Boris Popov, wanda shi ma ya tsira daga faɗuwa, ya kafa kamfanin BRS a Amurka a 1980 domin ƙera ta. Amfaninta shi ne matuƙi ba ya buƙatar kokawar fita daga jirgin da ke wulwulawa. Amma tana ƙara nauyi da tsada, da zarar ta buɗe iska ce ke zaɓen wurin sauka, kuma rokar da ba ta tashi ba haɗari ce ga masu ceto. Tana kuma buƙatar tazara kafin ta cika da iska, don haka da wuya ta ceci Lilienthal daga mita 15. Mai yiwuwa bakan da aka bari ya fi ta amfani a ranar.

Labarin rasuwarsa na cikin abin da ya zaburar da Wilbur da Orville Wright. Sun yi nazarin alƙalumansa, suka gane cewa karkata jiki ba ya isa sarrafa jirgi, suka ƙirƙiro hanyar murɗa fiffike, kuma a 1903 suka tashi da inji.