Nikolai Gogol, Akawun da Ya Rubuta Haukan Akawu

Waɗanda muka yi ƙungiyar wasan kwaikwayo tare za su tuna shekarar da malamin Turanci ya sa muka yi The Government Inspector, ni na fito a shugaban gidan waya mai buɗe wasiƙun mutane. A lokacin ko sunan marubucin ban riƙe ba. Sai da aikin gwamnati ya kawo ni Kura, inda bayan sallar isha'i ba abin da ake ji sai kukan kwaɗi a gonakin shinkafa, sannan na sami sukunin neman tarihinsa.

An haifi Nikolai Gogol a 1809 a Sorochyntsi ta ƙasar Yukiren, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Yana ɗan shekara 19 ya nufi babban birni, wato Petersburg, neman suna. Ya buga wata doguwar waƙa da kuɗinsa a 1829, masu sharhi suka yi mata ba'a, shi kuwa ya bi kantuna ya tattaro littattafan ya cinna musu wuta. Daga nan ya shiga aikin akawu, yana kwafar takardu, bai kai shekara biyu ba ya bari.

Wannan ɗan zaman ofis shi ya haifar da Diary of a Madman a 1835. Gajeren labari ne, amma an sha mayar da shi wasan mutum ɗaya a dandamali, kamar yadda ɗankama kan tsaya shi kaɗai gaban jama'a, sai dai nan dariyar ba ta daɗewa. Poprishchin ƙaramin akawu ne mai fiƙe wa darakta alƙaluma, ba mai kula shi, ga shi ya kamu da son 'yar darakta. Ya fara jin karnuka suna magana, har yana karanta wasiƙunsu, daga bisani ya haƙiƙance shi ne Sarkin Sifen. Gidan mahaukatan da aka kai shi ya ɗauka fadarsa ce. Aka aske masa kai, ana jibgarsa da sanda, ana kwara masa ruwan sanyi, har ya koma kiran mahaifiyarsa. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin maigida da fayil ya fito ba a ɗaga kai an dube shi ba, zai gane rabin farko na labarin. Ni dai na gane, kuma ban ji daɗin hakan ba.

Bayan an nuna wasan da muka yi a makaranta a 1836, Gogol ya bar Rasha, ya daɗe a birnin Rum, ya fitar da Dead Souls a 1842, ya ziyarci Ƙudus a 1848. Kullum tsoron zunubi yana ƙara cin ransa, wani limamin coci kuma yana ƙara tsoratar da shi.

A Fabrairun 1852, a Mosko, ya tashi cikin dare ya ƙone kashi na biyu na Dead Souls, aikin wajen shekara goma. Ya kwanta ya ƙi abinci. Likitoci suka danne shi da ƙarfi, suka liƙa masa matsattsaku a hanci, suka kwara masa ruwan sanyi a ka, daidai abin da ya rubuta an yi wa akawunsa shekara 17 kafin nan. Ya rasu ran 4 ga Maris, yana da shekara 42.