Olaudah Equiano: Bawan Da Ya Fanshi Kansa, Ya Zama Shaida A Kan Fataucin Bayi

In ana zancen mutanen da suka yi gwagwarmayar hana fataucin bayi a Ingila, sunayen da ɗalibai suka fi sani su ne William Wilberforce da Thomas Clarkson da Granville Sharp. Waɗannan duka Turawa ne, labarin cikin jirgin bayi kuwa a bakin wasu suka ji shi. Amma akwai wani baƙar fata a tare da su wanda aka sayar da shi hannu zuwa hannu, ya fanshi kansa da guminsa, sa'an nan ya rubuta abin da bauta take da alƙalaminsa. Sunansa Olaudah Equiano.

Bisa ga labarin da ya bayar, an haife shi wajen shekarar 1745 a ƙasar Ibo, cikin Nijeriya ta yau. Yana da kamar shekara 11 wasu mutane suka haura gidansu, manya ba sa nan, suka sace shi tare da 'yar'uwarsa. A hanya aka raba su. Bayan watanni shida ko bakwai yana sauya iyayengiji ya isa bakin teku, aka ɗora shi a jirgi zuwa tsibirin Babados, daga can aka wuce da shi Bajiniya a Amurka.

A nan wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna Michael Pascal ya saye shi, ya laƙaba masa sunan wani tsohon sarkin Suwidin, wato Gustavus Vassa. Yaron ya ƙi amsa sunan, aka yi ta marinsa har ya amsa, kuma da shi aka san shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya bi ubangidansa cikin Yaƙin Shekara Bakwai tsakanin Ingila da Faransa, aikinsa ɗaukar albarushi zuwa wurin igwa. A cikin jiragen yaƙi ya koyi karatu da rubutu da lissafi, aka kuma yi masa baftisma a Landan a 1759. Ya ɗauka in yaƙi ya ƙare za a 'yanta shi. Ina! A ƙarshen 1762 Pascal ya sayar da shi, aka kai shi tsibirin Manserat, inda wani attajiri, Robert King, ya saye shi fam 40.

King ya ga yaro mai basira, sai ya sa shi aiki a jiragensa na fatauci, ya kuma yi masa alkawarin cewa ranar da ya kawo fam 40 zai ba shi takardar 'yanci. Jarin da Equiano ya fara da shi toro ne, wato kwabo 3. Ya sayi tambulan guda a wani tsibiri, ya sayar da shi ninki biyu a wani, ya koma ya sayi guda biyu. Haka ya yi ta juyawa kusan shekara 3, Turawa na ƙwace masa kaya ko su ƙi biyansa, ba shi da inda zai kai ƙara, domin kotunan tsibiran ba sa karɓar shaidar baƙi a kan Bature. Da kuɗin suka cika ya kawo, King ya so ya yi ta maza ya janye, don bai zaci zai tara su da wuri haka ba. Kyaftin ɗin jirgin, Thomas Farmer, shi ya tuna masa alkawari kaya ne. A watan Yuli na 1766 Equiano ya zama ɗa.

Shekarun da suka biyo baya na yawon duniya ne. Ya koyi gyaran gashi a Landan, ya je Italiya da Turkiyya, a 1773 kuma ya shiga ayarin jiragen da suka nufi ƙuryar arewa ta duniya, inda ƙanƙara ta kusa halaka su. Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba, tun da shi ma bai ɓoye shi ba: a 1776 ya taimaki wani likita sayen bayi a Jamaika, ya zama sarkin gandu a kansu a gaɓar Amurka ta Tsakiya. A lokacin nan ganinsa shi ne muguntar iyayengiji ce abin gyara. Sannu a hankali ya gane cewa cinikin kansa ne tushen ɓarna.

Abin da ya fito da shi fili shi ne al'amarin jirgin Zong. A ƙarshen 1781 ma'aikatan wannan jirgi suka jefa bayi fiye da 130 cikin teku da ransu, da hujjar ƙarancin ruwan sha, masu jirgin kuma suka nemi kamfanin inshora ya biya su kamar yadda ake biyan asarar kaya. A watan Maris na 1783 Equiano ya kai wa Granville Sharp labarin. Sharp ya yi iyakar ƙoƙarinsa a tuhumi mutanen da kisan kai, ba a tuhumi ko mutum ɗaya ba. Duk da haka maganar ta bazu, ta tayar da hankalin mutane da yawa. A 1786 gwamnati ta ba shi aikin kula da guzurin talakawan baƙaƙe da za a kai Saliyo. Ya tona asirin satar da ake yi a cikin kayan, sakamakonsa aka kore shi a 1787. A wannan shekara ce aka kafa ƙungiyar yaƙi da fataucin bayi a Landan da mutum 12.

Masu cin moriyar cinikin suna da hujja guda da suke maimaitawa, cewa baƙar fata ba shi da hankalin da zai riƙe kansa, bauta gata ce gare shi. Amsar Equiano ita ce littafin tarihin rayuwarsa, wanda ya fito a 1789, shekarar da Wilberforce ya fara gabatar da maganar a Majalisar Dokoki. A ciki ya bayyana zafi da ɗoyi na cikin jirgi, da ankwa, da bulala ga wanda ya ƙi cin abinci, da waɗanda suka gwammace su faɗa teku. Ya kuma jawo hankalin 'yan kasuwar Ingila cewa ribar sayar wa Afirka kaya ta fi ta sayar da mutanenta. Bai sallama haƙƙin littafin ga kowa ba. Shi da kansa ya riƙa bi gari gari a Ingila da Sikotlan da Ayalan yana sayarwa yana yi wa jama'a jawabi. Ya zuwa 1794 an buga shi sau 9, an kuma fassara shi zuwa harsunan Holan da Jamus da Rasha.

Tun yana raye abokan gaba suka gane cewa ƙarfin littafin yana ga shaidar gani da ido. Saboda haka a 1792 wasu jaridu biyu na Landan suka yaɗa cewa ba a Afirka aka haife shi ba, ya mayar musu da martani da shaidu. Maganar ta sake tasowa a 1999, sa'ad da wani malamin jami'a, Vincent Carretta, ya nuna cewa takardar baftismarsa da rajistar jirgin 1773 duk sun ce a Karolina ta Amurka aka haife shi. Masana sun rabu biyu: wasu na ganin ya haɗa labarin ƙuruciyar ne daga bakin bayin da ya zauna da su, wasu kuwa na cewa abin da aka rubuta wa yaro bawa a rajista ba ya rushe maganarsa. Sauran tarihinsa kuwa, daga hidimar Pascal zuwa gaba, takardun gwamnati sun gaskata shi ƙwarai.

A 1792 ya auri wata Baturiya, Susannah Cullen, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Yaƙin da ya ɓarke da Faransa a 1793 ya sanyaya gwagwarmayar, domin duk mai neman sauyi sai a ɗauke shi ɗan tawaye. Matarsa ta rasu a 1796, shi kuma ya bi ta ran 31 ga Maris, 1797, saura shekara 10 Majalisa ta haramta fataucin bayi a 1807. Dokar soke bautar kanta a ƙasashen da Ingila ke mulka sai a 1833. Babbar 'yarsa ta rasu watanni kaɗan bayansa. Ƙaramar, Joanna, da ta cika shekara 21 a 1816, ta karɓi gadon fam 950 daga dukiyar mahaifinta.