Malam Muhammadu Bakatsine, Mai Laƙabi Biyu

Cikin manyan malaman da Katsina ta haifa, ba wanda bai san Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ba. Amma akwai wani da ya zo bayansu, wanda sunansa ya fi sanuwa a Masar bisa ga gida, shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, wanda Larabawa su ke kira Alkashinawi, watau Bakatsine. Mu da a ke shirin turawa koyarwa, waɗansunmu Batsari, waɗansu Safana, ya kamata mu san labarinsa, domin matakin da ya tsallake yana almajiri, a kansa ne za mu tarar da yawancin yaranmu sun tsaya.

Ya yi karatu wurin malamai da dama, cikinsu har da Shaihu Muhammadu Alwali mutumin Bagarmi. Amma wanda Allah ya fara buɗe masa basira a hannunsa shi ne Shaihu Muhammadu Fodu. Wajen shekara 4 yana biye da shi, ko a gida ko a kan hanya. Da fari shaihun ya sa masa laƙabi Mai Maƙamatu, sabo da ya hardace littafin nan na Maƙamatu da ke ba almajiran lugga wuya. Hardar kuwa ta kai in an ambaci kalma guda, nan take sai ya kawo abin da ya gabace ta, ba wani tunani. Duk wanda ya taɓa tilawa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bin karatu gaba da sauƙi, harshe ne ke jan mutum. Komawa baya fa? Kowa ya gwada da surar da ya fi iyawa, ya gani.

To, da wani ne, da nan ya tsaya, ya ci abinci da wannan suna har ya tsufa. Shi kuwa sai ya duƙufa kan sarfu da nahawu, har shaihun ya sake masa laƙabi, ya koma kiransa Sibawaihi. Sibawaihi shi ne mutumin Farisa da ya zauna Basra cikin ƙarni na 8, ya rubuta babban littafin nahawun Larabci, alhali shi ba Balarabe ba ne. Laƙabin fari na wanda ya riƙe maganar wani ne daidai. Na biyu na wanda ya san dalilin da ya sa maganar ta zo haka, har ya iya gina tasa. Bai zub da hardarsa ba, mu ma ba mu ce a zubar ba. Harda hatsi ce a rumbu, sai dai ba a tuƙa tuwo da zangarniya.

Wurin Shaihu Muhammadu Bindu ya koyi lissafi, da sanin lokuta, da ilmin hatimi. Hatimi dai mun saba ganinsa a allo da cikin layu, amma kaɗan ne cikinmu suka lura cewa ƙashinsa lissafi ne. A zana gida 9, uku-uku, a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, yadda ko ta ina aka tara, a tsaye, ko a kwance, ko kusurwa zuwa kusurwa, za a sami 15. Me ya sa 15? Domin jimlar lambobin duka 45 ce, layuka kuwa 3 ne. Wannan ƙarami ne, yaro na iya hardace shi kafin a tashi tara. Mai layi 5 yana da gida 25, kowane layi 65. Mai layi 9 gida 81 gare shi, kowane layi 369. A nan harda ta gaza, sai wanda ya san ƙa'idar taku daga gida zuwa gida, da yadda in taku ya faɗa bayan bango a ke shigo da shi ta ɗaya gefen. Irin waɗannan ƙa'idodi, na hatiman da layukansu mara ne, su ya tsara ya rubuta.

Yaran da za a ba mu ba dakikai ba ne. Da yawansu za su zo da izu biyar ko goma a ka, su rera sau-sau kamar waƙa. Amma a tambayi ɗayansu kuɗin mudu 7 na gero a kasuwar Batsari, sai ya koma sau ɗaya ya fara rerowa daga tushe. Abin mamaki, yaron nan da maraice in ya zauna dara a ƙasa, yana hango takun abokinsa biyu ko uku gaba, ba wanda ya biya masa. Ashe hankalin na nan, ba a dai taɓa nemansa cikin aji ba.

Malam ya yi haji cikin 1730, bayan ya ratsa ƙasashe da yawa. Ya zauna Makka, can ya fara littafinsa Durrul Manzumi, ya gama shi a Alƙahira cikin Rajab na 1146 ta Hijira. Wannan kan taurari ne da ɗalasimai, mun bar hukuncinsa ga malamai. Ya kuma rubuta Bahajatul Afaƙi kan hatimi, da wani kan nahawu, da waƙe kan manɗiƙi wanda ya yi wa sharhi da kansa. Cikin rubutunsa na hatimi ya hori mai koyo da naci, ya ɗauki saurin fid da rai a kan jahilci. Wanda ya taɓa cika gida 80 sa'an nan ya ga na ƙarshe ya ƙi, ya share ya sake, shi zai gane abin da ya ke nufi. Ya kuma yi horo da a ɓoye ilmin, kada a baza shi ga kowa. A nan kam, da ladabi, mun rabu da shi. Malamin elementare ba shi da abin ɓoyewa, in yana da shi ma an ɗauke shi aiki ne don ya tone.

A Alƙahira ya sauka gidan Shaihu Hasan Aljabarti, babban malami masanin taurari da lissafi, wanda bai ji nauyin zama gaban baƙonsa ya ɗauki ilmin hatimi ba. A gidan nan Malam Muhammadu ya rasu cikin 1741, bayan ya yi wa mai masaukinsa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Allah ya ji ƙansa. Bayan fiye da shekara 10 aka haifa wa Shaihu Hasan ɗa, Abdurrahmani, wanda ya girma ya ga shigar Faransawa Masar cikin 1798, ya rubuta babban tarihin ƙasar. Shi ya ba Bakatsinen nan gurbi cikin malaman da ya lasafta, kuma ta hannunsa labarin laƙabin nan biyu ya komo mana gida.