Birgediya Zakariya Maimalari: Ya Riƙe Amana, Aka Ci Tasa

Duk wanda ya taɓa zuwa Maiduguri ya ji sunan Barikin Maimalari, amma ba kowa ne ya san cewa mai wannan suna ɗan ƙasarmu ba ne. An haifi Zakariya a ƙauyen Maimalari, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Yusufari, arewa da Gashuwa, a ƙasar rairayi da ke dab da iyakar Nijar. A lokacin yankin yana ƙarƙashin Lardin Barno, kuma babbar ƙofarsa zuwa sauran duniya ita ce tashar jirgin ƙasa ta Nguru.

Daga wannan ƙauye yaron ya kai ga makarantar da aka sani yanzu da Kwalejin Barewa. A shekarar 1950 ya shiga aikin soja, a zamanin da Turawa ne suke riƙe da kusan dukan muƙaman hafsoshi. Shi da abokinsa Umar Lawan ne ’yan Nijeriya na farko da suka sami horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, aka kuma ba shi muƙamin hafsa a 1953. Bayan samun ’yancin kai ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. An san shi da tsanani wajen horo da ƙin wasa da aiki, har ya zama kwamandan Birged ta Biyu a Legas.

A daren 14 ga Janairu 1966 ya shirya liyafa a gidansa da ke Ikoyi domin murnar aurensa. Hafsoshi da yawa sun halarta, ciki har da Laftanar Kanar Yakubu Gowon, wanda bai daɗe da dawowa daga Ingila ba. Wasu daga cikin waɗanda suka ci abincinsa a daren nan sun riga sun ƙulla makircin juyin mulki. Kafin gari ya waye sojoji suka kewaye gidan, amma ya samu ya kuɓuta. Yana kan hanya sai ya hango motar Manjo Emmanuel Ifeajuna, babban jami’in ofishinsa, ya tsayar da ita yana zaton ya sami mai taimako. Hannun da ya amince da shi ne ya harbe shi.

Ba shi kaɗai ya faɗi a daren nan ba. An kashe Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar Yakubu Pam na Jos, da Birgediya Samuel Ademulegun a Kaduna. Musulmi da Kirista ne, kakinsu ɗaya, ajalinsu ɗaya, kuma gidajensu suka cika da marayu a rana ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne juyin mulkin Yuli 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Sai dai gidan Maimalari bai mutu ba. Ɗansa Abubakar, wanda ya rasa mahaifi tun yana yaro, ya bi sawunsa cikin soja, har ya mulki Jihar Jigawa daga 1998 zuwa 1999. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ƙasarmu tana tunawa da mazan jiya. Idan ranar ta zago, ya kamata mu a Nguru da Gashuwa mu gaya wa ’ya’yanmu labarin wannan ɗan ƙauye. Mu kuma tambayi kanmu: idan maƙwabci ya tsayar da mu cikin dare yana neman taimako, me zai samu a hannunmu?